Daga Filin Ƙwallo Zuwa Wakanda

Kai da ke sammakon tirenin a filin Pillars na Sabon Gari, ka san daraktan Black Panther tsohon ɗan ƙwallo ne? Ryan Coogler, ƙwallon Amurka ta ture-ture ce ta samo masa karatu a kwalejin Saint Mary's. A ajin rubutu wata malama, Rosemary Graham, ta karanta labarinsa, ta ce ya gwada rubuta fim. A 2004 kwalejin ta rushe kulob ɗin, ya koma Sacramento State, yana wasa yana koyon fim. A 2018 Black Panther ya tara sama da dala biliyan 1.

Mu nan Fagge kuwa, yaro ya iya tamola sai ya jingine makaranta, wai Turai za shi. To, in gwiwa ta goce fa?