Rangwamen Gwamnati Ga Kamfanoni Masu Ɗauko Ma'aikata Daga Waje

JOS: Muhawara a kan rangwamen da gwamnati ke yi wa kamfanonin da ke shigo da ma'aikata daga ƙasashen waje ta daɗe a Jihar Filato, inda kamfanonin Ingila suka fara haƙar kuza tun farkon ƙarni na 20. A wancan zamani, Turawa ne ke riƙe da manyan muƙamai a kamfanoni irin su ATMN da ke Bukuru, 'yan ƙasa kuwa sai aikin diga da kwano.

Tushen jayayyar a yau yana cikin Dokar Ma'adinai ta 2007. Dokar ta yafe wa kamfanonin haƙar ma'adinai kuɗin kwastan a kan injunan da suka shigo da su, kuma a lokacin da aka yi ta, ta ba su hutun haraji na shekara 3 da za a iya ƙara masa 2. Haka nan ta tanadar musu guraben ma'aikata baƙi tare da izinin zama, da damar aika albashinsu gida ba tare da haraji a kan fitar da kuɗin ba.

Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ce ke ba da waɗannan gurabe, bisa sharaɗin cewa aikin na buƙatar ƙwarewar da ta yi ƙaranci a ƙasar, kuma za a haɗa kowane baƙo da 'yan Nijeriya masu koyon aikinsa don su gaje shi.

Masu adawa, musamman ƙungiyoyin ƙwadago irin su NLC da PENGASSAN, sun daɗe suna kukan cewa ana karya wannan sharaɗi. Hujjarsu ita ce, harajin da aka yafe dukiyar jama'a ce, kuma an yafe shi ne domin a samar da aikin yi. Idan kamfani ya karɓi rangwame, sannan ya cika gurabe da baƙi, ya miƙa sauran ma'aikata ga 'yan kwangila ba tare da cikakkun haƙƙoƙi ba, to an yi tufka da warwara.

Gwamnatoci sun sha sauya matsayi. Dokokin mallaka wa 'yan ƙasa kamfanoni na 1972 da 1977 sun taƙaita hannun baƙi, sai aka soke tsarin a 1995 don jawo jari. A 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Umarni na 5, wanda ya hana ba da biza ga baƙin da ake da masu irin ƙwarewarsu a gida. A Fabrairun 2024 gwamnatin Shugaba Bola Tinubu ta ƙaddamar da harajin dala 15,000 a shekara a kan kowane darakta baƙo, da dala 10,000 a kan sauran ma'aikata baƙi, amma ta dakatar da shi a watan Maris bayan ƙungiyoyin masu masana'antu sun ce zai kori masu zuba jari.

Ga 'yan kasuwar Jos, abin dubawa shi ne ko ana cika sharaɗin horar da 'yan ƙasa. Tun bayan faɗuwar farashin kuza a 1985, Filato ta ga yadda jari ke tafiya ya bar kududdufai. Ƙwarewar da aka koya wa 'yan ƙasa ita ce ke zama idan kamfani ya tattara nasa ya nasa.