Gine-ginen Hausawa a Ƙasar Ibadan: Daga Sabo Zuwa Akinyele

1.0 Gabatarwa

Ƙaramar Hukumar Akinyele, wadda aka ƙirƙiro a 1976 da hedikwatarta a Moniya, tana arewa da birnin Ibadan. Ƙasa ce ta noma, inda ake samun rogo da doya da masara da koko. A cikinta ne Hausawa suke hada-hadar kayan gwari a Shasha, da cinikin dabbobi a karar Akinyele. Wannan maƙala za ta dubi yadda ginin Bahaushe ya sauya a wannan yanki, da kuma sawun da sauyin ya bari a harshe.

2.0 Taƙaitaccen Tarihi

Kafin a yi maganar Akinyele, wajibi ne a fara da Sabo, uwar unguwannin Hausawa a Ibadan. Da farko fatake kan sauka a gidajen Yarbawa cikin gari. Bayan jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901, ya kuma kai Kano a 1911, sai cinikin goro da shanu ya bunƙasa, baƙi suka yawaita. A 1916 aka keɓe musu Sabo kusa da Mokola. Abner Cohen, a littafinsa na 1969, ya nuna cewa tattalin arzikin unguwar ya dogara ne kan masu gida, waɗanda ke sauke fatake, su ajiye musu kaya, su haɗa su da dillalai. Ke nan gida a Sabo jari ne.

3.0 Ginin Karkarar Yarbawa

A ƙauyukan Ibadan, waɗanda ake kira abà, manomi kan ɗora jar ƙasa kwaɓaɓɓiya hawa-hawa, yana barin kowane hawa ya sha iska kafin ya ɗora wani. Ɗakuna kan jeru su kewaye tsakar gida, da baranda a gabansu. Wannan shi ne agbo ilé. Rufin yana da gangara, kuma yakan zarce bango don kare shi daga ruwa. Da ganye da ciyawa ake yinsa, kafin kuɗin koko su kawo kwano.

4.0 Abin da Bahaushe ya Bari da Wanda ya Riƙe

A Kano da Zariya magini kan yi amfani da tubali, ya jera azarar giginya, ya rufe da ƙasa, ya shafe bango da makuba, ya sa indararo, ya ƙawata saman soro da zankwaye. Irin wannan gini ya dace da ƙasar da damina ba ta wuce wata biyar. A Ibadan kuwa ana ruwa tun daga Maris har Oktoba, kuma abin da ke sauka a shekara yakan haura milimita 1,200, don haka rufin ƙasa ba ya ƙarko. Dole ta sa Bahaushe ya ari rufin maƙwabtansa, domin in ka je gari ka tarar kowa da wutsiya, kai ma sai ka nemi taka.

Sai dai tsarin zaman gida bai canza ba. Buƙatar raba baƙo da iyali, wadda zaure ke biya a Arewa, ta ƙaru ne a inda sauke baƙi ya zama sana'a. Saboda haka ɗakin da ke bakin ƙofa ya ci gaba da aikin zaure ko da siffarsa ta bambanta: nan ake sallama, nan ake ciniki, nan ake karatu.

5.0 Shaidar Harshe

Kalmomin sababbin kayan gini suna nuna hanyar da kayan suka bi. Kwano ta samo asali daga páànù ta Yarbanci, wadda ita ma aro ce daga Ingilishi. Katako kuwa daga pátákó. Harafin p na Yarbanci sautin [kp] ne, wanda babu shi a Hausa, shi ya sa ya koma kw ko k, kamar yadda àpótí ta zama akwati, páálí ta zama kwali. Kwano ta kuma ɗauki ma'ana biyu, ta mazubin abinci da ta rufi. A ɗaya ɓangaren, kalmomi irin su makuba da zanko da bakan gizo ba su da abin da za su nuna a Sabo, alhali kalma takan rayu ne muddin ido na ganin abin da take nufi.

6.0 Kammalawa

Bulo da siminti suna maye gurbin tsofaffin gine-ginen ƙasa, kuma rikicin Shasha na Fabrairun 2021 ya laƙume shaguna da gidaje. Akwai buƙatar masana harshe su tattara sunayen sassan gida da na kayan gini daga bakin dattawan Sabo da Shasha, su kwatanta su da na Kano da Zariya, tun masu riƙe da su suna raye.