Bayani A Kan Ciwon Ɓawon Fata Da Hanyar Kiyaye Shi

Bismillahir rahmanir rahimi. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halitta cuta da magani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Amma bayan haka, ka sani ya ɗalibi, akwai ciwon da fata ke bushewa tana ɓawo kamar na kifi. Larabawa suna ce masa sumaku, likitoci suna cewa iktiyosis, daga sunan kifi cikin harshen Yunanawa.

Fasali na farko, cikin asalinsa. Mafi yawansa gado ne. Fata mai lafiya tana zubad da matacciyarta a ɓoye. Ta mai wannan ciwo kuwa tana tara ta, kuma ba ta riƙe laima. Nau'in da ya fi yawa shina samun kamar mutum 1 cikin 250. Cikin shekara ta 2006 ta Miladiyya masana a Dandi ta ƙasar Sukotlan suka tabbatar sababinsa ƙarancin wani sinadarin fata ne, sunansa filagirin. Wani nau'in galibi maza shike kama. Wani kuwa da shi ake haihuwar jariri, a lulluɓe da fata mai ƙyalli, wannan sai a gaggauta kai shi asibiti.

Ka sani ba kuturta ba ce, ba albaras ba ne, ba a ɗaukarsa ta gaisawa ko cin tuwo ƙwarya guda. Ba shi cikin aibobi huɗu da Risala ta ambata ana mayar da aure dominsu. Wanda ya ƙyamaci mai shi ya zalunce shi.

Fasali na biyu, cikin wanka. Na gado ba shi warkewa ƙaf, amma shina sauƙi ƙwarai da lazimtar kulawa. Shi jiƙa jikinsa kullum cikin ruwa mai ɗumi kamar minti 15 ko fi, har ɓawo shi yi taushi. Sa'an nan shi goge da tsumma a hankali, kada shi ɓamɓare da farce, domin rauni ƙofar ƙwayar cuta ne. Shi ƙaranta sabulu, shi bar mai kaifi.

Fasali na uku, cikin shafawa. Da fitowarsa, tun jiki da danshi, shi shafa basilin ko man kaɗanya ko mai gilisarin, domin mai rufe ruwa shike yi cikin fata. Shi maimaita sau 2 a yini ko fi, shi ƙara cikin hunturu. Kadan ɓawo ya yi kauri, sai man da ke da yuriya kashi 10 cikin 100, ko sinadarin tsamin nono. Suna narkar da shi, amma suna zafi a kan tsaga. Hattara: kada a shafa wa jariri salisilik, fata tana tsotsarsa shi zama guba, kada kuma yuriya kafin shekara 1 sai da umurnin likita. Ƙwayar asitiretin ta mai tsananin ciwo ce, mai ciki ba ta shan ta domin tana nakasa ɗan tayi.

Mas'ala. Shi gabatar da alwala, shi jinkirta mai. Alamar mai ba ta hana tsarki, sai wanda ya daskare har ya tsare ruwa. Cuɗawa wajibi ce ga mazhabar Maliku, amma bin hannu a kan gaɓa ya wadatar, ba sai an dirje ba.

Faɗakarwa. Wasunsu gumi ba shi fita gare su sosai, sai su nemi inuwa, su yayyafa ruwa ga jiki lokacin bazara. Wanda kuwa ɓawo ya faro masa bayan girma, shi je ga likita, domin wani lokaci alamar wata cuta ce ta cikin jiki.

Allah ne mafi sani, shi ne mai warkarwa. Tammat bi hamdillahi.