Idan Ɗan Manomi Ya Ce Aikin Jarida Yake So

Ba duk tambayoyin da ake yi mana a wurin ziyarar ƙungiyoyi ne suka shafi taki da iri ba. Sau da yawa iyaye sukan ce yaronsu ko yarinyarsu ta gama sakandare, aikin jarida take so, amma Turancin bai nuna ba. Shin a sayar da hatsi a tura ta, ko kuwa zuba ruwa a rariya ne?

Gaskiyar magana, Turanci ya zama dole, ko da a ce da Hausa yaron zai yi aikinsa. Kasafin kuɗin gwamnati, da hukuncin manyan kotuna, da sakamakon binciken aikin gona na Samaru, duka da Turanci suke fara fitowa. Wanda bai iya karanta su da kansa ba, sai ya jira wani ya gaya masa, ɗan jarida kuwa ba ya aiki da jita-jita. Ƙofar makaranta ma haka take. Jami'a tana neman kiredit 5 a jarrabawar WAEC ko NECO, lalle da Turanci a ciki, kuma a jarrabawar JAMB ba mai tsallake takardar Turanci. Yaron da ya faɗi a nan, gara ya sake zama kafin a fara zancen Jami'ar Bayero, ko ta Ahmadu Bello, ko ta Jos.

Kada wannan ya karya muku zuciya. Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, ba a nono ya sha Turanci ba. A Kwalejin Katsina ya ƙware, ya yi koyarwa, sa'an nan ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939. A 1943 ya tafi Ingila cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, tare da Nnamdi Azikiwe. Da Turanci ya yi magana da su a can, da Hausa kuma ya ba mutanensa labari.

To, wane irin Turanci ne ake bukata? A nan ne yara da yawa suke ɓata hanya. Suna tsammani ɗan jarida shi ne mai dogon Turanci, mai jero manyan kalmomin da sai an buɗe ƙamus. Edita kuwa yanke su yake yi. Abin da yake nema shi ne gajeruwar jimla wadda ta faɗi wa ya yi, me ya yi, a ina, yaushe, kuma don me. Mu a gida in za mu ba da labari, sai mun gaisa, mun tambayi iyali da ruwa, mun bi zance daga tushe, kana mu iso ga abin da ya kawo mu. Jarida ta juya wannan. A ce gobara ta kama rumbun ƙungiya. Jimlar farko ita za ta ce rumbun ya ƙone daren Talata, buhu kaza ya salwanta, ba wanda ya ji rauni. Sauran bayani ya biyo baya, gama mai karatu yana iya tsayawa a layi na biyu. Koyon wannan juyi ya fi haddace kalma dubu amfani.

Hanyar koyo ba ta da tsada sosai, sai dai naci. Yaro ya saurari labaran safe na Sashen Hausa na BBC, wanda yake aiki tun 1957, sa'an nan ya nemi labarin nan da Turanci, ya lura da yadda aka faɗi abu ɗaya a harshe biyu. Aminiya da Daily Trust gida ɗaya ne yake buga su, ana kuma samunsu a waya, watau yana iya ajiye su gefe da gefe. Ya yi karatu da ƙarfi minti goma kowace rana domin harshensa ya saba. Mai jin Hausa yakan gauraya harafin p da f, yakan kuma cusa wasali tsakanin baƙaƙe, yadda muka sami burodi da asibiti. Wannan yana gyaruwa da sauraro da maimaitawa. Amma a ganinmu ba a bukatar ya toshe hanci yana kwaikwayon Bature. A ji shi sarai, ya isa.

Akwai wuraren da kuskuren kalma ɗaya yake jawo ɓarna, kuma a nan muke so ku fi sa ido. Wanda ake zargi dabam, wanda kotu ta same shi da laifi dabam. Ɗan jaridar da ya kasa rarrabe su a Turanci, ya kira mutum ɓarawo tun alƙali bai yanke hukunci ba, ya ɓata sunan bawan Allah, shi ma yana iya tsintar kansa a kotu. Haka miliyan da biliyan, ɗaya ya ninka ɗaya sau 1,000. Ga kuma wanda ya shafe mu kai tsaye: hekta 1 kusan eka biyu da rabi ce. Idan takardar Turanci ta ce a zuba buhu kaza a hekta, mai fassara a rediyo ya ce a eka, manomi zai sayi takin da ya wuce kima, ko ya fesa maganin ciyawa ya ƙone shukarsa. Mai rediyon ba zai ma sani ba.

Saboda haka kada yaro ya jefar da Hausarsa ko yaren gidansu don yana neman Turanci. Bature kalma ɗaya yake kiran gero da maiwa da ita, ɗan manomi kuwa ya san lokacin girbinsu ba ɗaya ba ne. Ya san wuta-wuta a gonar dawa, ya san farashin mudu da kaka da kuma farashinsa da bazara, ya san yadda ake yi wa tsoho tambaya har ya saki jiki. Ba a koyar da waɗannan a aji.

Ƙungiya ma tana da abin yi. A taronku na gaba, ku ba yaron wuri kusa da sakatare, ya rubuta abin da aka tattauna da Hausa, sa'an nan ya mai da shi Turanci cikin jimla biyar kawai. Malamin firamare na garin ya bi da jan biro, sakatare kuma ya duba ko sunaye da adadin kuɗi sun yi daidai. A yi haka wata-wata har damina ta fita. Kafin a kai amfanin gona gida, littafin zai nuna muku ko jan biron yana raguwa, sa'an nan ku zauna ku yi shawarar buhunan da za a kai kasuwa.