Yadda Ake Gano Amfanin Tsohon Kayan Aiki: Misalin Ƙarfen Gurzar Auduga Daga Babban Mutum

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa tura ɗalibai su tattaro kayan gargajiya ya san matsalar da wannan takarda za ta tattauna a kai. Ɗalibi yakan dawo da wani abu wanda shi bai san shi ba, wanda ya ba shi ma bai sani ba, illa dai an tarar da shi a ƙuryar ɗakin wata tsohuwa ko wani tsoho. Sai a dubi siffarsa a laƙaba masa suna, a rubuta a manna. In sunan ya zama kuskure, to ya zauna ke nan, domin abin da aka rubuta shi na baya za su kwafa. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa siffa kaɗai ba ta isa hujja ba. Akwai matakai uku da ya kamata a bi, za mu kuwa gwada su a kan wani ƙarfe da aka samo a Babban Mutum.

2.0 Siffar Ƙarfen

Babban Mutum gari ne a Ƙaramar Hukumar Baure cikin masarautar Daura, a bakin iyakar Nijeriya da Nijar, kan hanyar Magarya da Damagaram. Daga can ne wani ɗalibi ya kawo wannan ƙarfe, ƙirar maƙeran baƙi. Tsawonsa wajen taƙi ɗaya da rabi, watau kimanin santimita 30. Kaurinsa a tsakiya bai wuce na ɗan yatsa ba, sa'an nan yana sirancewa sannu a hankali zuwa ƙarshensa duka biyu. Ba shi da kaifi, ba shi da tsini, ba shi da kafa irin ta allura, ba kuma wurin da za a sa masa ƙota. Waɗanda suka fara ganinsa sun kasu uku: wasu suka ce madoshi ne, wasu suka ce bida ce ta ɗinkin jinka, wasu kuma suka ce mazari ne na ƙarfe.

3.0 Matakan Bincike

3.1 Sawun aiki. Kowane kayan aiki yana ɗauke da shaidar abin da ya yi. Madoshi a wuta ake sa shi don huda ƙota, saboda haka yana da tsini da alamar ƙuna. Bida tana bukatar tsini da wurin da igiya za ta kama. Mazari kuwa siririn tsinke ne mai dunƙule a gindi, domin ya daɗe yana juyawa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan a jikin ƙarfen nan. Abin da ake gani shi ne tsakiyarsa ta yi sumul ta kowane gefe daidai wa daida, alamar mirgina shi ake yi a kan wani abu mai tauri. Ƙarshensa biyu kuma sun yi santsi irin wanda tafin hannu yakan bari bayan shekaru.

3.2 Abokin aiki. Da yawa daga cikin kayan aikinmu biyu-biyu suke tafiya: turmi da taɓarya, dutsen niƙa da ɗansa, uwar maƙera da masaba. Tun da sawun ya nuna mirginawa, sai a tambaya: a kan me? Da ɗalibin ya koma gidan, sai ya tarar da wani ɗan shimfiɗaɗɗen dutse mai santsi, an mai da shi matokarin ƙofa.

3.3 Masu aikin. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, amma sai in ya san wanda zai tambaya. Ɗalibai sun saba da zuwa wurin dattawa maza a ƙofar gida, alhali wani kayan aikin bai taɓa fita zaure ba. Da aka miƙa wa wata tsohuwa ƙarfen da dutsen, ba ta tsaya bayani ba. Ta ɗora wannan bisa wancan, ta dafa da tafin hannu biyu ta murza, ta ce magurji ke nan da ƙarfensa, na gurzar auduga.

4.0 Yadda Yake Aiki

Gurza ita ce raba auduga da angurya, ita ce kuma matakin farko na sana'ar kaɗi. Mace takan ɗora 'yar auduga kaɗan a kan dutsen, ta danne ta da tsakiyar ƙarfen, ta murza shi gaba. Ƙarfen yakan riƙe audugar a jikin dutse, ita kuwa angurya, da yake ba za ta iya bi ta ƙarƙashinsa ba, sai ta yi ta zamewa gaba har ta fice. A nan ne hikimar maƙeri take. Da ya yi kauri da yawa, da sai ya hau kan anguryar ya farfasa ta, manta ya ɓata audugar. Sirancewar ƙarshensa kuwa ita ke ɗaga hannun mai gurza daga kan dutse, don kada ta goge yatsunta. Daga nan sai a shiɓe audugar da bakan shiɓa, a kaɗa ta da mazari ta zama zare ko abawa, a kai wa masaƙa.

Wannan dabara ba ta tsaya ƙasar Hausa kaɗai ba. Akwai zanenta a bangon kogunan Ajanta na ƙasar Indiya tun wajen ƙarni na 5, watau fiye da shekara dubu kafin Eli Whitney ya yi rajistar injin gurzarsa a Amurka cikin 1794.

5.0 Dalilin Ɓacewarsa

Lokacin da Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar tufafin auduga su ne ginshiƙin cinikin birnin, har ana kai su Tambutu da Tarabulus. Duk zaren da aka saƙa su da shi sai da ya bi ta hannun mata masu gurza da kaɗi. Amma a 1902 aka kafa ƙungiyar BCGA a Manchester ta Ingila, don samar wa masaƙun can auduga. Ita ce ta kakkafa injunan gurza a wurare irin su Zariya da Funtuwa da Gusau, aka kuma shigo da irin audugar Amurka mai suna Allen a 1912. Bugu da ƙari, masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, yadin kanti da zaren inji suka cika kasuwanni. Da kaɗi ya ja baya, sai gurza ta bi shi, dutse ya koma bakin ƙofa, ƙarfe ya koma ƙuryar ɗaki.

6.0 Kammalawa

A taƙaice, kafin a ba tsohon kayan aiki suna, a karanta sawun da ke jikinsa, a nemi abokin aikinsa, sa'an nan a sa shi a hannun waɗanda suka yi aiki da shi. Mataki na uku shi ya fi bukatar gaggawa, domin tsofaffin da suka yi gurza da hannunsu ƙarewa suke yi, 'yan gwangwan kuma suna bin gidaje suna sayen tsofaffin ƙarafa a kan awo. Don haka muna ba da shawara ga sassan Hausa na kwalejojinmu: a riƙa tura ɗalibai mata su shiga cikin gida, a ɗauki hoton aikin yana gudana, a rubuta sunan abu kamar yadda mai shi ta faɗa da karin harshenta, kada kuma a karɓi ƙarfe a baro dutsensa.