Gubar Dalma Ba Ta San Kan Iyaka Ba

Duk wanda ya taso daga Funtuwa ya nufi Sakkwato a mota, sai ya ratsa Tsafe, sa'an nan Gusau, sa'an nan Bunguɗu. Gulbin Sakkwato ma daga wajen Funtuwa ya ɓullo, ya bi ta Gusau da Bunguɗu, ya zuba a madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara, kana ya wuce ya gamu da Gulbin Rima. Watau hanya guda ce ta sarƙe garuruwan nan uku, biyu daga ciki kuma gulbi guda suke sha. Saboda haka muka ga ya kyautu mu tuna wa malaman makaranta da akawunan ƙananan hukumomi wani bala'i da ya auku a maƙwabtansu, mu kuma faɗi abin da za su iya yi tare kada ya sake aukuwa.

A watan Maris na 2010 ma'aikatan Ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka, wadda aka fi sani da MSF, suka sami labari yara ƙanana suna ta mutuwa a waɗansu ƙauyukan ƙasar Bukkuyum da ta Anka. Yaro sai ya kama amai da ciwon ciki, jikinsa ya riƙa jijjiga, ya suma, ya cika. Aka ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, bai yi ba. Da aka aika da jinin yaran ƙasar waje aka auna, sai aka tarar dalma ce ta yi musu yawa ainun. Masu bincike daga Amurka da suka ƙidaya gida gida a 'Yargalma da Dareta sun iske yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu a shekara guda, watau ɗaya cikin huɗu. Jimillar waɗanda suka rasu a jihar an ƙiyasta ta kai wajen 400.

Dalilin abin kuwa shi ne, zinariya ta yi tsada a kasuwannin duniya a shekarun nan, talakawa suka dunguma haƙa. Dutsen da suke haƙowa yana ɗauke da dalma mai yawa. Suka riƙa kawo shi cikin gida a buhuna, ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin irin na niƙan hatsi, ana shanyawa a tsakar gida. Ƙurar ta sauka a ƙasa da tukwane da bakin rijiya, yaro mai rarrafe kuwa hannunsa kullum tsakanin ƙasa da baki yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani gwargwadon dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa. Wanda ya tsira da rai ma sau da yawa ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, malami zai gan shi a aji yana fama da karatu, ba a san mafari ba.

Abin da ya kamata a lura da shi, ba hukuma guda ce ta shawo kan al'amarin ba. Likitocin MSF suka ɗauki aikin ba yara maganin da ke fitar da dalma daga jini. Injiniyoyin kamfanin TerraGraphics na Amurka, da ma'aikatan Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Zamfara, da mutanen ƙauyukan da kansu, suka kankare ƙasar saman gidaje, suka binne ta a ramuka nesa da gari, suka zubo sabuwa. Sarakuna da hakimai suka sa baki aka fitar da injinan niƙa bayan gari. Tilas ayyukan nan su tafi tare, don in an warkar da yaro aka mayar da shi gidan da ba a share ba, aikin banza aka yi. Ƙauyuka 7 aka share tsakanin 2010 da 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, sai da ta jira har 2013 kafin Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗi, yaranta suna zaune cikin guba duk tsawon jiran nan.

To, da darasin ya tsallake iyaka, da abin ya tsaya nan. Amma a 2015 sai ga irin wannan mutuwa a ƙasar Rafi ta Jihar Neja, a Shikira da ƙauyukan kewaye, yara 28 suka rasu, sanadin kuwa bai sake ba ko kaɗan. Mahaƙa suna bin labarin zinariya daga wannan jiha zuwa waccan, suna tafiya da sana'arsu, gargaɗin kuwa ya zauna a ofisoshi. An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. MSF ta miƙa aikinta na Zamfara ga hukumomin jihar a 2022. An hana haƙar ma'adinai a jihar a 2019 saboda ta'adin 'yan bindiga, aka ɗage hanin a Disamba 2024. Nauyin sa ido ya dawo kanmu ke nan.

Bayan dalma akwai zaiba, wadda mahaƙa ke cuɗawa da garin dutse don ta kama zinariya, sa'an nan su ƙone ta. Hayaƙinta guba ne, ragowarta kuma ruwan sama yakan wanke shi zuwa rafi, ya shiga jikin kifi. Nijeriya ta amince a 2018 da Yarjejeniyar Minamata, wadda ƙasashe suka ƙulla a 2013 don rage amfani da zaiba. Gulbin da ya bar Bunguɗu kuwa a ƙarshe Kogin Kwara yake faɗawa, wanda ƙasashe 9 suka kafa wa hukuma guda mai mazauni a Yamai. Tun 1990 ma Nijeriya da Nijar suka sa hannu a Maiduguri bisa rabon ruwayen da suka yi tarayya a kai, har da Gulbin Maraɗi, wanda ya fito daga ƙasar Katsina, ya shiga Nijar, ya komo ya zuba a Rima. Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS a 2025, gulbin dai yana nan yana bin hanyarsa.

Amma takardun da manya suka sa wa hannu ba su jin kukan yaro a ƙauye. Akawu da malami su ke kusa. Shawararmu ita ce ƙananan hukumomin Gusau da Tsafe da Bunguɗu su shirya littafi iri ɗaya, dagatai da masu unguwanni su riƙa kawo rahoton rasuwar kowane yaro da alamun ciwonsa, akawu ya rubuta, a riƙa musayar abin da aka tara kowane wata, a aika wa Anka da Bukkuyum da Maru. In yara biyu ko uku suka mutu da jijjiga a unguwa guda, a sanar da Ma'aikatar Lafiya a Gusau ran nan, kada a jira ƙarshen wata. Duba-gari su san kowane injin niƙa a ƙasarsu, su tabbata wanda ya niƙa dutse bai niƙa dawa ba, kuma buhun dutse bai kwana cikin gari ba.

Malamai kuwa su koya wa almajiransu abin da za su kai gida: mahaƙi ya yi wanka ya sake tufa kafin ya ɗauki ɗansa, a jiƙa dutse kafin a niƙa don kada ƙura ta tashi, a wanke hannun yaro kafin ya ci abinci. Ba mu ce a hana talaka neman abincinsa ba, gama wanda aka hana a fili zai koma ɗaka ya yi a ɓoye, nan kuwa yara suke. A nuna masa yadda zai yi aikinsa nesa da iyalinsa. Allah ya kiyashe mu da ganin irin ta 2010, amin.