Ƙarfin da Ya Ƙi Shiga Sahu

Duk wanda ya tsaya a gindin Dutsen Habude a Birnin Kudu, inda mutanen dā suka zana shanu, ko ya bi hanyar Gwaram yana duban duwatsu, to yana gaban ƙarfi huɗu ne waɗanda masana suka ce da su halitta ke gudana bisa ƙudurar Ubangiji. Ƙarfin nauyi ya danne dutsen a ƙasa, na lantarki da maganaɗisu ya haɗa zarra da zarra har ya yi tauri, ƙarfi mai tsanani ya ɗaure cibiyar kowace zarra, mai rauni kuwa shi ke sa wani kaso na fotashiyam ɗin da ke cikin dutsen ya riƙa rikiɗa sannu a hankali.

Muradin malamai shi ne su tabbatar cewa huɗun asalinsu ɗaya ne, kuma sun ci rabin tafiya, domin Abdus Salam na Fakistan, da Glashow da Weinberg na Amurka, sun nuna cewa na lantarki da mai rauni tushensu guda, aka ba su kyautar Nobel a 1979, sa'an nan a 1983 cibiyar CERN da ke Janeba ta gano ƙwayoyin W da Z waɗanda hisabinsu ya yi bushara da su.

Amma nauyi ya ƙi. Illa ta farko rauninsa, gama ɗan guntun maganaɗisu yakan ɗaga allura alhali duniya ɗungurungum tana janta ƙasa. Ta biyu ta fi zurfi: tun 1915 Einstein ya bayyana cewa nauyi lanƙwasar sarari da zamani ne su kansu, saboda haka idan aka auna shi da ƙa'idojin da suka dace da sauran ukun, sai lissafi ya haifi adadi marasa iyaka, waɗanda ba su da ma'ana. Domin warware wannan matsala, wasu sun ce ƙwayoyin halitta duka tsirkiyoyi ne ƙanana masu kaɗawa. Nazari ne mai kyawun gaske, amma a ganina ba a kiransa ilimi tabbatacce sai gwaji ya shaide shi. Gwajin kuwa yana da nisa, domin injin CERN, mai kewayen kilomita 27, sai an ninka ƙarfinsa kimanin sau miliyan biliyan kafin ya kai matakin da ake zaton huɗun za su haɗu.